Precision ko Jazz: wace jitar bes ce ta dace da kiɗanka?

Duk inda makaɗan bes, wato jitar da ke riƙe ƙasan kiɗa da kakkaurar murya, suka zauna hira, da wuya su tashi ba a taɓo gardamar Precision da Jazz ba. Uba ɗaya ne ya haife su, Leo Fender, a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka. Precision ce yaya, ta fito a 1951, Jazz ta biyo bayanta a 1960. Yau ko ba ka taɓa riƙe Fender ta asali ba, in ka shiga shagunan kayan kiɗa na kasuwar Alaba a Legas, ko ka duba abin da 'yan gwanjo suka sauke, yawancin jitocin bes da za ka gani ko kwaikwayon wannan ne, ko na waccan, ko kuma an gauraya jinin biyun. Na kamfanonin Squier, Sire, Cort, wasu daga cikin na Yamaha, da tarin marasa suna, duk sawun waɗannan biyun suke bi. Wanda ya san bambancinsu ya gama rabin cinikinsa tun bai taya ba.

Abin da ya haɗa su ya fi abin da ya raba su yawa. Tsawon tsirkiya daga saman wuya zuwa jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jitar, inci 34 ne a dukansu. Tsirkiya huɗu: E, A, D, G. Wuya daban, gangar jiki daban, sukurori huɗu ne suka ɗaure su, ta yadda in wuyan ya lalace sai a kwance a sa wani. Firet 20, wato siraran ƙarafan da aka gitta a kan wuya inda ake danne tsirkiya. Nauyi galibi kilo 4 zuwa 4 da rabi. A ƙirarsu ta asali babu batir, babu wani inji a ciki, daga maganaɗisu sai waya sai maɓallai. Wuri biyu suka rabu, fikof da wuya. Sauran duk ƙari ne.

Fikof shi ne maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, yana kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar kaɗawarsu. Precision guda ɗaya gare ta, a tsakiyar jiki. Tun gyaran da aka yi mata a 1957 aka raba shi gida biyu, rabi a ƙarƙashin E da A, rabi a ƙarƙashin D da G, an ɗan goce su da juna. Maɓallanta biyu ne tak, na ƙarfin murya da na haskenta. Ita kuwa Jazz fikof biyu gare ta, dogaye sirara, ɗaya ta wajen wuya, ɗaya dab da jaki, kowanne da maɓallin ƙarfinsa, sannan na haske guda ɗaya da suke tarayya a kai.

In kana zaune kai kaɗai a ɗaki, ko a shago mai kaya ya jona maka, Jazz ce za ta sace maka zuciya, kuma ba laifinka ba ne. Buɗe fikof biyun gaba ɗaya ka ji: ƙasa akwai zurfi, sama akwai ƙyalli, kowane taɓi na yatsa yana fita tar. Dalili shi ne fikof biyun suna sauraren tsirkiya daga wuri biyu daban, to in aka haɗa abin da suka ji, wani sashe na tsakiyar muryar sai ya kashe juna, ya bar ƙasa da sama. Wannan ramin na tsakiya shi ne daɗin da kunne ke ji. Ɗauki Precision bayanta, za ka ji ta da kauri, da ɗan kaushi, murya ɗaya tilo ba kwalliya. Mutane da yawa a nan suke yanke hukunci su biya kuɗi.

To amma bes ba don ɗaki aka yi ta ba. Ɗauki zauren biki da yamma ana gwajin kaya kafin baƙi su iso. Mai bes ya jona Jazz ɗinsa, ya ɗan zuba gudu, yaran da ke jera kujeru suka tsaya suna kallo. Sai mai ganga ya shigo da ƙafarsa, dum, dum. Sai mai fiyano ya ɗora hannun hagunsa a ƙasa, kamar yadda masu fiyanonmu suka saba, don sun daɗe suna kiɗa ba mai bes a gefensu. Jita ta shigo, mawaƙa uku suka karɓi makirfo. Nan take za ka ga mai bes ya waiwaya yana murɗa amfilifaya. Yatsunsa na tafiya, bango na girgiza, amma wanda ke tsakiyar zauren ba zai iya gaya maka wane sauti yake bugawa ba. Ƙasan da yake taƙama da shi gangar ƙafa da fiyano sun mamaye, saman kuma faifan ganga da jita da muryoyi sun cinye. Wurin da ya rage babu kowa shi ne ƙasa-ƙasan tsakiya, daidai inda muryar Jazz ta rame, daidai kuma inda Precision ta tara duk ƙarfinta. Wannan kaurin da ya gundure ka a shago, shi ne ke fito da ita a cikin taro ba tare da an ƙara mata wuta ba.

Akwai wani abu kuma da ya ƙara wa wannan magana nauyi a zamanin nan. Tsirkiyar E in an sake ta, sau 41 take kaɗawa a daƙiƙa ɗaya. Sifikar waya ba ta san da wannan ba, haka yawancin ƙananan sifikun da ake haya. Abin da mai kallon bidiyon bikin a WhatsApp ke ji a matsayin bes, 'ya'yan sautin ne da ke can tsakiya. Bes ɗin da ba ta da tsakiya, a waya kamar ba a gayyace ta ba.

Kada a ce na yi wa Jazz rashin adalci. Ramin nan ba dole ba ne. Rage fikof na jaki kaɗan, na wuya ya yi rinjaye, sai tsakiyar ta dawo, muryar ta matso kusa da ta Precision, ko da yake ba ta kai ta cika ba. Juya abin, ka rage na wuya ka bar na jaki, ka kuma matsar da yatsunka kusa da jakin, sai ta koma wata aba daban: siririya, mai magana ta hanci, mai cizo, kowane sauti a rarrabe komai saurin gudun. Wannan muryar Precision ba ta da ita, ko ka kwana kana murɗa maɓalli. Haka nan salon dukan tsirkiya da babban yatsa da fizgar ta da manuni, wanda Larry Graham ya fito da shi a ƙungiyar Sly and the Family Stone, a kan Jazz ya fi yin kyau, saboda salon ramin tsakiyar yake so. Murya uku ke nan a jita ɗaya, da duk abin da ke tsakaninsu. Sai dai wanda zai ci moriyarsu dole ya zama mai kunne, wanda ke sauraren ƙungiyar gaba ɗaya yana gyarawa. Sabon shiga yakan buɗe komai ya bar shi a haka har a tashi.

Sai maganar da littattafan turawa ba su cika damuwa da ita ba, mu kuwa ita ce gabanmu kullum: wuta. Kowane fikof na Jazz naɗi ɗaya ne, kuma naɗi ɗaya yakan kwaso gurnanin lantarkin da ke kewaye da shi, na taransifoma, na fitilu, na janaretan da aka ajiye bayan rumfa. Wutar Najeriya da ta Nijar sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, kuma wannan ƙugin za ka ji a sifika da zarar an yi shiru. In fikof biyun suna buɗe daidai wa daida, gurnanin ɗaya yana kashe na ɗayan, shiru kake ji. Da ka rage guda, sai ya dawo. Ka ga inda gizo ke saƙar: maganin ɓacewarta a cikin taro shi ne rage fikof ɗaya, rage fikof ɗaya kuma shi ke buɗe wa gurnani ƙofa. Precision ba ta da wannan ciwon, domin rabi biyun nata an naɗe su ne a juye da juna, maganaɗisunsu ma a juye, kullum suna kashe gurnanin da kansu. Ban ce tana maganin komai ba. In ginin ba a binne masa wayar ƙasa ba, ko igiyarka ta arha ce, ko miksa, wato na'urar da ke haɗa sautukan ƙungiya, da amfilifaya suna shan wuta daga layi biyu, kowace jita za ta yi ƙara. Ana kuma iya liƙe cikin ramukan da fikof da wayoyi ke zama a jikin Jazz da tef na tagulla a rage zuzun, ko a sayi fikof marasa gurnani a musanya, amma wannan wani kuɗin ne a kan kuɗi.

Wuya kuma maganar hannu ce. A can sama inda tsirkiyoyi suka fi matsuwa, faɗin wuyan Jazz milimita 38 ne. Na Precision ta zamani kusan 41 da rabi, na tsohuwar ƙira har 44 da rabi. A takarda ba wani abu ba ne. A hannu, bayan awa uku kana tsaye, abu ne babba. Mai gajerun yatsu, da yaro, da mace mai ƙaramin hannu, da wanda ya taso daga jita mai tsirkiya shida, galibi sun fi sakewa a kan Jazz. Mai babban hannu kuwa yakan ji yatsunsa na cin karo da juna a can sama, ya fi son filin Precision. Ta wajen hannun dama babu bambancin kirki, tazarar tsirkiyoyi a jaki kusan ɗaya ce. Tunda ramin da wuya ke zama a jikin Fender iri ɗaya ne, makaɗa da yawa sukan ɗaura wuyan Jazz a jikin Precision su huta. Wani ɗan abu da ba a faɗa wa mai saye: gindin Jazz a karkace yake, an yi shi ne don ya kwanta a cinyar mai zaune, saboda haka in ka jingina ta da bango ko da amfilifaya sai ta sulale ta faɗi. Ka sayi mazauninta rana ɗaya da ita.

Masu gardama suna son kafa hujja da manya, to bari mu duba su. James Jamerson, wanda bes ɗinsa ke ƙarƙashin ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Detroit, Precision ta 1962 ya riƙe, da tsirkiyoyi masu santsi da ba ya canzawa, kuma da yatsa ɗaya yake yawancin aikinsa. Donald Dunn na kamfanin Stax a Memphis shi ma Precision. A ɗaya ɓangaren ga Jaco Pastorius na ƙungiyar Weather Report, da Jazz ta 1962 wadda ya cire wa firet, ya mayar da fikof na jaki muryarsa, ga Marcus Miller da Jazz ta 1977 da aka ƙara wa na'ura mai batir. Har nan lissafin ya tafi daidai: Precision ta masu riƙe gindin kiɗa, Jazz ta masu fitowa gaba. Sai kuma ka tuna Aston Barrett na ƙungiyar Wailers, wanda ba a yi mai zurfin bes kamarsa a rege ba, Jazz yake kaɗawa. Steve Harris na Iron Maiden kuwa, da duk gudunsa da ƙarar ƙarfensa, Precision ce a wuyansa, da tsirkiyoyi masu santsi ma. Saboda haka duk wanda ya ce maka wane kiɗa sai wace jita, ka saurare shi da kunne ɗaya.

Da kunne ɗayan nan dai, ga yadda nake ganin abin a kiɗan da ke kusa da mu. Kiɗan jitar Abzinawa irin na Bombino da Mdou Moctar, inda bes ke riƙe gajeren layi tana maimaitawa minti goma jitoci na shawagi a samanta, a fili, da janareta, wannan gonar Precision ce. Haka hailaif, haka afrobit, inda ƙahoni da ganguna suka cika ko'ina, abin da ake nema wurin mai bes shi ne nauyi da tsayuwa. Makosa da bikutsi na Kamaru da sukus na Kwango kuwa, bes a cikinsu rawa take yi, tana hawa tana sauka tana fizga, kuma siririn wuya da rarrabewar muryar Jazz sun fi yi musu hidima. Ba banza ba Kamaru ta cika duniya da makaɗan bes irin su Richard Bona da Etienne Mbappé da Armand Sabal-Lecco. Shi Bona ma faifan Jaco ne da ya ji a Duwala ya karkato da shi zuwa bes.

Waƙoƙin Hausa na zamani labarinsu daban. Yawancinsu a situdiyo da fiyano da kwamfuta ake haɗa su, har da bes ɗin. Mai bes na hannu ya fi samun aiki a coci, a Jos ko Kaduna ko unguwannin Sabon Gari, a ƙungiyoyin otal, a wajen biki. In an ce ya kwaikwayi bes ɗin fiyano a dandali, ko ya bi mawaƙan bishara na zamani, nan wata tambayar ke tasowa wadda ta kan danne ta farko: tsirkiya huɗu ko biyar?

Ta biyar ɗin B ce a ƙasan E, sau 31 take kaɗawa a daƙiƙa. Sautuka biyar kawai take ƙara maka a ƙasa, amma su ne ake nema. Mai jan waƙa ya ɗauka a E♭ ko D♭, mai fiyano ya bi shi ya sauka can ƙasa, kai mai tsirkiya huɗu sai dai ka haura sama ka kamo sautin da siririyar murya, a daidai lokacin da waƙar ke son ƙasa ta buɗe. Wanda aikinsa ke nan kowace Lahadi, ya sayi mai biyar kawai, kuma a kasuwa mai biyar ƙirar Jazz ta fi ƙirar Precision yawa nesa ba kusa ba, don haka zaɓin ya kusa yin kansa. Amma a san abin da ake saye. Wuyan ya fi faɗi, jitar ta fi nauyi, saitin tsirkiya ya fi tsada kuma ya fi wuyar samu, ga aikin danne B ɗin don kada ta riƙa gurnani kana kaɗa sauran. Mafi muni, mai biyar ta arha sau da yawa B ɗinta sako-sako ce, iska kawai take turawa ba sauti. Da irin wannan gara mai huɗu ta kirki. Mai koyo kuma, in ba cocin ne ya tilasta ba, ya fara da huɗu.

Yawancin masu biyar suna zuwa da batir, to ga wannan ma. Tun da Music Man StingRay ta fito a 1976, ita ma da hannun Leo Fender a ciki, aka saba da bes mai 'yar na'ura a ciki wadda ke ba ka damar ƙara ƙasa ko sama ko tsakiya daga jikin jitar. Tana da amfani ƙwarai in kai tsaye kake shiga miksa kuma mai miksar ba ruwansa da kai. Matsalarta batir mai bolt 9. Muddin igiya na jone a jitar yana ci, ko ba ka kaɗawa, kuma ba ya sallama kafin ya mutu: muryar ta fara kakkaryewa, sai shiru, a tsakiyar waƙa. Batiran da ake samu a kan tebur a bakin titi ba sa daɗewa. In za ka sayi mai batir, nemi wadda ke da makunnin komawa aiki ba batir. Sire V7, ƙirar Jazz da aka yi da haɗin gwiwar Marcus Miller, tana da shi, sai dai ita batir biyu take ci.

Akwai kuma masu cewa me ya sa za a zaɓa, ga PJ, wato fikof na Precision a tsakiya da na Jazz guda a jaki. Yamaha BB234 da BB434 da TRBX174 haka suke, haka Ibanez GSR200, haka wasu Squier Affinity. Ga mai kuɗin jita ɗaya tak, shawara ce mai kyau, musamman da yake da yawansu wuyansu bai kai na tsohuwar Precision kauri ba. Abin da za ka samu Precision ce cikakkiya da ɗan yaji a gefe. Muryar Jazz mai fikof biyu a buɗe ba za ta fito sak ba, kuma a masu arha fikof na jakin yakan fi na tsakiya rauni, ga gurnani in an buɗe shi. Yawancin masu PJ bayan wata shida za ka tarar sun rufe na jakin sun manta da shi, wanda wannan ma wata amsa ce ga gardamar.

Ni dai in aka ce in zaɓar wa wanda ke kiɗa cikin cikakkiyar ƙungiya, da fiyano da ganguna da mawaƙa, a zaurukan da ba a san halin wutarsu ba, Precision ko PJ zan miƙa masa ba tare da dogon tunani ba. Maɓalli biyu, babu batir, babu gurnani, ka jona ka kama aiki, mai miksa ma ya fi samun sauƙinta. Jazz zan ba wanda hannunsa ƙarami ne, ko ƙungiyarsu mutum uku ce ko huɗu akwai fili, ko mai son dukan babban yatsa da fitowa gaba, ko ɗan situdiyo da yau rege gobe makosa jibi bishara. Mai bishara ta zamani kuwa an riga an gama maganarsa.

Kowacce ka ɗauka, kada ka ƙarar da kuɗin a kanta. Fender da aka ƙera a Corona ta Kalifoniya ta fi wadda aka ƙera a Ensenada ta Meziko tsada, ita kuma ta fi Squier ta Indonesiya ko Sin, amma Squier Classic Vibe da aka saita da kyau, a amfilifaya ta gari, ta fi ta Amurka da aka jona a amfilifayar jita mai tsirkiya shida, wadda ma sifikarta ba za ta daɗe ba za ta yage. In akwai mai ganga, wat 100 shi ne mafi ƙaranci, kuma na atisaye ne da ƙaramin zaure. Dandali yana son 200 zuwa sama, ko akwatin DI da zai kai ka miksa kai tsaye. An yi zamanin da mai bes ke jan Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969 da wat 300 da akwati mai sifika takwas, kaya na ƙarti biyu. Yanzu Fender Rumble 100 kilo 10 ce ko kusa da haka, ana ɗora ta a babur. Ka haɗa da sitabilaiza, don amfilifayoyin nan marasa nauyi ba sa son wutar da ke hawa da sauka, kuma gyaransu ba kowane mai gyaran rediyo ba.

Tsirkiya ma tana canza murya fiye da yadda ake zato. Masu kaushi, irin waɗanda Rotosound ta yaɗa tun 1966, suna da ƙyalli, amma gumin zafinmu yana kashe su cikin 'yan watanni. Wasu sukan tafasa su a ruwa su ɗan farfaɗo, dabara ce ta ɗan lokaci. Masu santsi sun fi tsada a farko, ba su da ƙyalli tun asali, sai dai suna shekaru a jiki. Precision da tsirkiya mai santsi ita ce bes mafi arhar riƙo da na sani. Mai dukan babban yatsa kuwa ba shi da mafita, sai masu kaushi, sai canji a kai a kai.

Tunda yawancinmu ta hannu za mu saya, sunan da ke rubuce a kan jitar shi ne abu na ƙarshe da za ka yarda da shi, domin tambarin Fender na jabu ya fi na gaske yawa a kasuwa. Wuya za ka fara dubawa. Ɗaga jitar ka hango shi daga kai zuwa gindi, ka tabbata bai murɗe ba, don murɗaɗɗen wuya galibi ba shi da magani sai canji. Danne tsirkiyar E a firet na farko da hannun hagu, ka danne ta a na ƙarshe da na dama, ka leƙa tsakiya wajen firet na 7 ko na 8. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen kada ta wuce kaurin katin kasuwanci. In ta yi yawa, sa mai kayan ya juya ƙarfen da ke cikin wuyan, wanda ke daidaita lanƙwasarsa, a gabanka, kwata ɗaya kawai. In ya ƙi motsi, ko yana juyawa ba ya kama komai, ajiye jitar ka yi sallama komai kyanta. Wannan ƙarfen za ka buƙace shi sau biyu a shekara, domin katakon da ya sha damina daban yake da wanda ya sha hunturu, balle jitar da ta taso daga laimar Legas ta sauka a Kano a watan Janairu. Shafa gefen wuyan da tafin hannu: in bakin firet na yankar ka, katakon ya bushe ya tsuke, ana gogewa da zarto, amma ka rage a farashi. Murɗa kowane maɓalli kana jone, ƙarar ƙura ba komai ba ce, feshi ke maganinta. Girgiza igiyar a bakin raminta ka ji ko sauti na yankewa.

Daga nan ka bi firet ɗaya bayan ɗaya a kowace tsirkiya, ka saurari inda ke zizza. Za ka iya tarar da wani wuri a tsirkiyar G, tsakanin firet na 5 da na 7, inda sauti ke mutuwa da wuri fiye da maƙwabtansa. Wannan halin ƙirar Fender ne, Precision da Jazz duka, har masu tsadar, kuma bai isa ya hana ciniki ba sai in ya yi muni ƙwarai. In da hali ka je da aboki mai fiyano ko ka kunna kiɗa da ƙarfi a sifikar shagon, ka kaɗa jitocin biyu a kansa, shi kuma abokin ya koma bakin ƙofa ya gaya maka wadda yake ji.